Goɗiyar da Ta Ƙi Ruwa

Shekaranjiya da hantsi, a bakin kwatar da ke ƙofar gidanmu a Bagudo, bakina ya yi wata ƙara da na manta ina da ita. Harshe ake kafawa a gefen haƙori a sake shi, sau biyu, kamar ana fasa gyaɗa. Ɗiyata ce ta tsaya cak ta ƙi taka katakon da aka gitta a kan kwatar. Shekararta biyu da rabi, kuma tun ranar da ta ga takalminta ya faɗa cikin ruwan nan ya tafi, ba ta ƙara yarda da katakon ba. Kullum sai dai in sungume ta in ƙetare. Ran nan kuwa ga ƙaninta goye a baya, ga bokitin markaɗe a kai, babu hannun ɗaukarta. Ina riƙe da wuyan hannunta, ina ja, tana ja. Sai kawai ƙarar nan ta fito.

Ba ƙarar kiran yaro ba ce. Da ita ake ce wa doki ya tako. Ta kakana ce, mahaifin babana, kuma rabona da jin ta ya fi shekara goma.

Bari in faɗa maka gaskiya tun yanzu, ni matsoraciya ce. Haka aka haife ni, haihuwar ’ya’ya kuma ta ƙara mini. Yarinyar nan in ta yi tari sau ɗaya, zuciyata ta riga ta kai asibiti. In muka fita titi, riƙon da nake yi mata har shatin yatsuna yake fitowa a fatarta. Uwar mijina ta taɓa duban hannun ta ce, “Ke, wannan hannun mutum ne, ba muciya ba.” Na yi dariya don kunya, amma ban sassauta ba. To ran nan a bakin kwata, da ƙarar nan ta fito, sai na ga kaina tsaye cikin wani ruwa daban, da igiya a hannu.

Ƙauyenmu yana can ƙasan Illo, a cikin fadama, tsakanin kogin Kwara da iyaka. Da rani baƙar ƙasa ce mai tsagewa, kana tafe kana tuntuɓe da busassun sawayen shanu. Amma in damina ta yi nisa, shinkafa ta fara ciki, sai kogi ya tuna da mu. Ruwa ya riƙa zagayowa a hankali har garin ya zama tsibiri. Mutane ba sa tashi, kwale-kwale ke kai su ko’ina. Dabbobi ne ba sa zama, don bayan gari inda ake ɗaure su shi ruwa ke fara ci. Doki kuwa in ya daɗe tsaye cikin laka kofatonsa ruɓewa yake yi, ƙudaje su ƙarasa shi. Saboda haka kowace shekara ana kora dabbobin zuwa babban tudu, garin su Inna mahaifiyata, su zauna har ruwa ya janye.

Hanyar guda ɗaya ce, ta wani kwari da muke kira mashigi. A tsakiyarsa akwai kututturen giginya da magabata suka sassara wuri uku. Sara na farko ya kai ƙwaurin babban mutum, na biyu cinya, na uku ƙugu. In ruwa ya rufe na uku, an gama ƙetarewa da ƙafa, don daga nan yana da ƙarfin da zai kwashe saniya. Kowane yaro a garinmu ya san karatun kututturen nan tun kafin ya san na allo.

Ban taɓa ganin Kaka a kan doki ba. An ce tun yana saurayi wani doki ya faɗo masa a ƙugu, daga nan ya koma tafiya da sanda. Amma daga Sharabi har Bahindi, wanda duk dokinsa ya gagare shi, gidanmu yake kawo shi. Duk horon da Kaka ke yi a ƙasa yake yin sa. Ba sirdi, ba linzami, ba bulala. Ragama ce kawai, wato igiyar da ake ɗaura wa doki a kai ba ƙarfe a baki, sai doguwar igiyar rama da ya tufka da hannunsa. Sai doki ya iya bin mutum, ya tsaya in an tsaya, ya ja baya in an girgiza igiya, ya ba da ƙafa a duba kofato, sannan Kaka ya ce wa mai shi ya zo ya hau abinsa. Har yau in na ji warin dusa da aka jiƙa da kanwa, sai in ga inuwar tsamiyar bayan gidanmu, da turke, da Kaka zaune kan buzu yana tufka.

Goɗiyar ta zo ne da bazara, ina da shekara goma sha ɗaya. Wani tsohon abokin Kaka ne daga cikin Dandawan ƙetaren iyaka ya jawo ta da ƙafa, lokacin mashigi a bushe yake. Ja ce, mai farin goshi, duk haƙarƙarinta a waje, ga tabon duka a hanci. Ya ce ɗansa ne ya tura ta cikin jirgi da ƙarfi, jirgin ya kife da ita a tsakiyar kogi, da ƙyar aka fitar da ita. Tun daga ranar ko ruwan da aka zubar a ƙasa ba ta takawa. An doke ta har an gaji. Ya ce ya ba Kaka ita kyauta, in ta yi amfani to, in ba ta yi ba shi dai ya sauke nauyi.

Babana ya tsaya ya dube ta, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce dabbar da ba ta shiga ruwa ba ta da wurin zama a garin da ruwa ke zagayewa. Akwai wasu mutane masu zuwa kasuwar Illo da babbar mota suna sayen tsofaffin dawaki da jakuna su kai kudu, kuma kowa ya san ba hawa ake kai su a yi ba. Su ba ruwansu da lallashi. Kayar da dabba suke yi, su ɗaure ƙafafu huɗu, su jefa cikin babban jirgi kamar buhu. Babana ya ce in lokaci ya yi su zai kira.

Kaka ya ce, “In ruwa ya rufe sara na ukku wagga goɗiya ba ta ƙetare ba, kira su. Kahin nan tawa ce.”

Kwana shida na farko bai taɓa ta ba. Ya shimfiɗa buzunsa nesa kaɗan da turken, ya juya mata baya, ya yi ta tufkarsa. Ni aikina kai ruwan dusa ne, in ajiye daga nesa in ruga. Kullum sai ya matsar da buzun taki ɗaya. Ran na shida na iske ta miƙo wuya tana sansanar hularsa, shi kuwa kamar bai san tana duniya ba. Daga nan ya fara shafa ta da tsohuwar rigarsa, wuya tukuna, sannan kafaɗa, sannan baya. In ta noƙe ya dakata, in ta saki jiki ya janye hannu ya bar ta ta huta. Na daɗe ban gane wannan ba. Ni a ganina in dabba ta yarda sai ka ƙara. Shi kuwa da zarar ta yarda yake bari.

Wata rana na ajiye ƙwarya zan ruga, ya ce, “Matata, tsaya.” Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. “Mi kika gani?”

Na ce ban ga komai ba.

“Ƙarya kike. Matsoraci shina ganin komi. Mi kika gani?”

Na ce na ga kunnenta na hagu yana bin sa duk inda ya yi, na dama kuma yana kallon rijiya. Na ce in za ta yi harbi sai ta fara matse wutsiya. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce daga gobe ni zan riƙe igiya.

A nan ne na san ƙa’idarsa. Wurin Kaka doki bai horu ba sai wanda ya fi kowa tsoro a gidan ya ja shi ya kai ya dawo. Ya ce ƙato mai ƙarfi yana iya jan doki da ƙarfinsa, a ɗauka dokin ya horu, ran da mace ko yaro ya kwance shi sai a ga ɓarna. Ban da haka, gwiwarsa na kumbura da damina, ba ya iya shiga ruwan sanyi. Ko ya gama horon, ranar ƙetarewa wani ne zai shiga mashigi da ita.

Inna ba ta iya yi wa surukinta musu. Sai ta faɗa wa turmi. Tana daka tana cewa, da ƙarfin da zai kai gindin tsamiya, “Gari cike da maza, a rasa mai jan doki sai ɗiya mace, wadda ko zakara ya buɗe fiffike sai ta yi kuka.” Kaka ya ci gaba da tufkarsa. Turmi ma bai ce komai ba.

Kafin ya bari in kusanci goɗiyar, sai da ya hore ni ni kaina. Ya ba ni bakin igiya ya ce ni ce doki, ya fizga. Ban san lokacin da na turje na ja baya ba. Ya ce to ga shi, ko ke da kike da hankali an ja ki kin ja, balle dabba. Sannan ya karɓi matsayin dokin. Ya riƙe bakin igiyar, ya rufe ido, ya ce in ja shi zuwa rijiya. Muna tafe yana ɗingishi ido a rufe, yana faɗa mini abin da ke cikina. “Kin riƙe numfashi.” “Yanzu kin waiwayo kina dubana.” “Yanzu kina tunanin tuwo.” Wallahi duk daidai, har na tuwon. Ya ce duk abin da ke cikin mutum ta igiya yake bi ya isa ga doki.

Abin da ya koya mini ba shi da yawa, maimaitawar ce da yawa. A tsaya daidai kafaɗarta ta hagu, ba gaba ba, ba baya ba. A dubi inda za a je, kada a dubi idonta. A bar igiya ta yi lanƙwasa tsakanin hannu da haɓarta. In an nemi ta tako, a yi ƙarar nan ta harshe, a ɗan ɗaga igiya, da ta motsa ko ƙafa ɗaya ce a saki. Ragowar igiyar kuma a ninke ake riƙe ta cikin tafin hannu, ba a naɗa ta a hannu. Wannan na ƙarshen ya fi nanatawa, kuma shi na fi karyawa. Mai tsoro yana son ya ji abu ya kama shi sosai.

Wata safiya muna zagaye bayan gari, zabuwa ta tashi fir daga cikin ciyawa. Goɗiyar ta yi tsalle gefe. Ashe na naɗa igiyar a wuyan hannuna sau biyu. Ta ja ni a ƙasa kamar tsawon ɗaki kafin igiyar ta zame, ta tafi da fatar wurin. Kaka ya wanke ciwon, ya shafa man kaɗe, bai ce sannu ba. Ya ɗauko igiyar ya ninke ta a gabana, ya sa mini a ɗaya hannun. Tabon yana nan har yau, kamar siririn awarwaro. Ran nan turmin Inna ya sha magana.

Damina ta sauka sosai. Muka shiga abin da Kaka ke kira taka abu. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙasa, mu yi ta zagaya ta har goɗiyar ta gaji da tsoronta ta taka. Bayan tabarma sai buhu, bayan buhu sai tsohon kwanon rufi mai ƙara, sai tsakanin turame biyu da aka matse. Da yamma ya sa mata doguwar igiya, in tsaya a tsakiya tana zagaya ni, in na sauke kafaɗa na fitar da numfashi ta tsaya. Ranar da ta fara tsayawa don numfashina kawai, ban gaya wa kowa ba, amma na kasa cin abinci don murna.

Ruwa ne dai ya rage. Kaka ya fara da jiƙa ƙasa da buta, wuri kamar faɗin faifai. Kwana huɗu muka yi a kan wannan. Sannan ya haƙa ɗan rami marar zurfi ya cika shi. Sannan kududdufin bayan masallaci. Lokacin da ruwan kogi ya taɓa sara na farko, goɗiyar tana shiga kududdufi har gwiwa, tana huci, amma tana shiga.

Sai aka yi rasuwa a Bahindi, Kaka ya tafi gaisuwa ya wuni.

Baffana, ƙanin babana, ɗan kabu-kabu ne mai haya da babur tsakanin Illo da iyaka, mutum ne mai sauri a komai. Ba mugu ba ne. Shi a ganinsa taimako zai yi, ya hutar da tsoho, ya hutar da ni. Ya kira abokansa uku, suka rufe wa goɗiyar fuska da buhu, biyu na ja ta gaba, biyu na duka ta baya, suka nufi mashigi. Ina biye ina kuka, ba mai ji na. Da ƙafarta ta ji ruwa mai gudu ga kuma duhu a ido, sai ta miƙe tsaye kan ƙafafun baya, ta faɗi ta gefe, ta tashi ta watsar da su. Da kanta ta komo turkenta, ta tsaya jikinta na rawa kamar mai zazzaɓi.

Kaka bai tambayi kowa ba da ya dawo. Kunnuwanta kawai ya duba. Ya sa aka kira Baffa.

Baffa ya ce, “Haba Baba, doki ne fa, ba surukinka ba, da za a yi ta lallashi wata da watanni.”

Kaka ya ce, “Wagga ba babur ba ce da kake harbi da ƙahwa ta tashi. Aikin wata ukku kun zubar kahin a sauke tukunya. Tahi.”

Washegari ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa nesa da turken, ya juya baya, ya kama tufka, kamar ranar farko. Ni kuwa kullum da safe sai na ruga mashigi na duba kututture. Ruwa na hawa yatsa biyu, yatsa uku. Na ce masa, Kaka, ruwa fa. Ya ce ya sani, amma ita ba ta san akwai kututture ba, kuma ba za a iya gaya mata ba. Kwana biyu a kan buzu. Kwana ɗaya shafa da riga. Sannan tabarma, sannan buta. Abin da na lura, wannan karon ta fi saurin dawowa, kamar mai bin hanyar da ta taɓa bi. Shanu suka ƙetare, awaki suka ƙetare. Kaka ya hana a tafi da tsohon jakinmu, wanda ake ɗaurewa kusa da ita. Babana ya je kasuwar Illo ya dawo, na ji yana gaya wa Inna cewa ya yi magana da masu mota, kasuwa mai zuwa za su turo jirgi.

Ranar da ruwa ya haura sara na biyu da yatsa biyu, Kaka ya ce yau ne, don hadarin da ke gabas ba zai bar mu mu kai jibi ba. Da hantsi muka fita. Maƙwabcinmu Basarke, masunci, ya shiga ruwan ya tsaya ta ƙasa, inda zai tare ni in ruwa ya kwashe ni. Inna ta biyo mu har bakin mashigi da lulluɓinta, bakinta na motsi. Kaka ya zauna a kan saiwar wata bishiya, ya miƙa wa Baffa igiyar jaki.

“Kai shiga gaba da wanga. Kun hi gane juna.”

Mutane suka yi dariya, Baffa ma ya yi, ya karɓa.

Jaki ya shiga kamar ba komai. Na tsaya daidai kafaɗarta, na dubi wata ɗorawa da ke tsallake, na yi ƙarar harshe. Ta taka. Ruwan da sanyi, yana turo ni ta gefe, laka na cika tsakanin yatsun ƙafata. Gwiwa, cinya, har ya kai mini cibiya. Ina jin hucinta a kunnena. Muka yi rabi.

Daidai kututturen giginya, inda ruwa ke murɗawa yana ƙara, ta tsaya.

Na yi abin da aka hana ni, na waiwaya na dubi idonta. Farin ya fito, kunnuwa sun kwanta, wutsiya a matse. Na ga jirgin masu mota a cikin kaina, na ga an ɗaure ƙafafunta huɗu. Na ja igiya. Ta ɗaga kai ta ja baya. Na ƙara ja.

Sai muryar Kaka daga gaɓa, ba da ihu ba, kamar yana neman a miƙo masa buta.

“Matata. Hannunki.”

Na duba. Igiya naɗe a wuyan hannuna sau uku, a kan tabon nan daidai. Wallahi ban san lokacin da na naɗa ta ba. Da ta juya ta ruga a lokacin, da ni za ta tafi ƙarƙashin ruwa, kuma Basarke ba zai cim mana ba. Ban iya warwarewa da sauri ba, don motsi mai sauri shi zai tashe ta. Na warware ɗaya. Na warware biyu. Na warware uku. Na ninke igiyar a tafin hannu, na sassauta har lanƙwasarta ta taɓa ruwa. Na mayar da idona kan ɗorawa. Na fitar da numfashin da ban san na riƙe ba.

Muka tsaya. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga jaki ya isa tsallake har ya fara kiwo, Baffa na tsaye hannu a ka. Ƙafafuna suka daina jin sanyi, suka daina jin komai. Duk jikina yana ce mini ki ja, ki ja, ruwa na ƙaruwa. Can sai na ga ta wutsiyar ido kunnenta na hagu ya juyo wajena. Sannan na ji ɗumin hancinta a wuyana. Na yi ƙarar harshe sau biyu, na ɗan ɗaga igiya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya. Na saki. Ta ɗaga ta biyu.

Da muka hau tudu ta girgiza jiki ta jiƙa ni har ka, ta sunkuya ta kama cin ciyawa kusa da jaki, kamar ba ita ba. Ni ce na zauna a ƙasa.

Da la’asar Basarke ya maido ni gida a kwale-kwale. Kaka na kan buzunsa. Ya ce, “Mi kika gani?” Na ce kunnen hagu. Ya ce, “Kin ja sau biyu.” Na ce e. Ya ce to. Iyakar yabon ke nan. Amma da ya tashi zai tafi masallaci, ya bi ta kusa da inda Inna ke daka, ya tsaya, ya ɗan buga turmin da sandarsa.

“Turmi, ka gaya wa uwargijiyarka, ɗiyarta ta iya riƙon igiya.”

Inna ta ja lulluɓi ta rufe fuska. Kafaɗunta na motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Kwana biyu bayan nan ruwa ya rufe sara na uku. Babana ya aika wa masu mota kada su zo. Da kaka ta yi, ruwa ya janye, Baffa ne ya fara hawan goɗiyar, ya yi ta zagaya gari yana cewa ai dama ya san za ta yi. Ta haifa mana duƙushi biyu. Kaka ya rasu ina da shekara goma sha huɗu, bayansa ba a sake kawo doki gidanmu ba. An cire turken, a inuwar tsamiyar yanzu babura ake ajiyewa. An yi kwalbati a mashigi, mota ma na wucewa, kututturen giginya kuwa ban san wanda ya cire shi ba. Ba na cewa zamanin da ya fi. Kwalbatin nan ya hutar da mata masu naƙuda, na gani da idona. Abin da na ga ya ɓace shi ne mutumin da zai juya wa abu baya kwana shida don yana son abin ya zo da kansa. Ni kaina da aka koya wa, ban riƙe ba. Na iya da goɗiyar da aka ba mu kyauta, na kasa da ’yar da na haifa.

To shekaranjiya, a bakin kwata, na saki hannun ɗiyata. Shatin yatsuna huɗu na nan a fatarta. Na miƙa mata gefen hijabina na ce ta riƙe. Na tsaya daidai kafaɗarta, na dubi ƙofar shagon mai inji da ke tsallaken hanya, na fitar da numfashi. Bokiti na danna mini wuya, na goye yana mutsu-mutsu. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, “Maman yara, lafiya kika tsaya kamar an dasa ki?” Na ce lafiya lau, jira muke. Ta ce jiran wa? Ban amsa ba, don in na juya zan dubi yarinyar, in na dube ta kuwa zan cafke ta.

Can na ji an ɗan ja hijabin. Na yi ƙarar harshe sau biyu. Katako ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙaramar ƙafa, ɗaya, sannan ɗaya. Taki biyar ne duka. Da ta sauka ta ɗago kai ta dube ni, ta ce a sake.

Na ce sai mun dawo. Na kai hannu zan gyara bokiti, sai na ji hannun a ɗaure. Ɗaya gefen hijabin ne, naɗe a wuyan hannuna sau uku, a kan tabon nan daidai. Na tsaya nan bakin hanya na warware shi, ɗaya, biyu, uku, na ninke a tafin hannu, muka tafi markaɗe.